Me Ya Sa Fotal Ke Goge Abin da Aka Cike? Yadda Ake Harhaɗa Shafi Kafin Ya Iso Waya

Duk lokacin da aka buɗe rajistar komawa makaranta, ko ta masu shirin yi wa ƙasa hidima, shagunan kafe na Tukur-Tukur da Tudun Wada da Kongo a Zariya sukan cika maƙil. Wasu na kan benci suna jiran layi ya zo kansu, wasu kuma sun haƙura da layin suna fama da fom ɗin a wayoyinsu. Akwai ƙorafi ɗaya da kusan kowa ya taɓa yi a irin wannan lokaci. Mutum ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da lambar waya, ya zo wurin zaɓar jiha ya zaɓi Kaduna, sai shafin ya ƙifta, ya dawo da jerin ƙananan hukumomi 23 na jihar, amma wani ɓangare na abin da ya rubuta ya yi ɓatan dabo. Wani kuma zai danna maɓallin turawa, shafin ya juya ya dawo, babu saƙon nasara, babu na kuskure, kamar bai taɓa komai ba.

Nan take akan ɗora wa netwok laifi, kuma sau da yawa laifin nasa ne. Sai dai akwai nau'in wannan matsala da ko a kan intanet mafi ƙarfi sai ta faru, domin tushenta yana cikin yadda aka gina shafin. Wanda ya fahimci wannan zai rage wa kansa asarar data da lokaci, wanda kuma yake koyon gina shafuka zai kauce wa kuskuren da ya fi kama sababbin magina.

Shafin da ke fuskar waya ba a ajiye yake ba

Mutane da yawa suna ɗauka shafin intanet kamar hoto ne da aka ajiye a wani wuri, duk wanda ya buƙata a miƙo masa. Haka shafukan farko suke a farkon shekarun 1990, kuma har yau akwai irinsu. Amma fotal ɗin makaranta ko na banki ba zai yiwu ya zama haka ba, tunda abin da ɗalibar aji ɗaya za ta gani ya bambanta da na ɗalibin ajin ƙarshe, na malami kuma ya bambanta da nasu duka.

Abin da ke faruwa shi ne, burauzar waya, wato Chrome ko Opera Mini ko makamantansu, tana aika buƙata zuwa uwar garke, babbar kwamfutar da ke ɗauke da gidan yanar. Uwar garke ta duba wane ne mai buƙatar, ta ɗauko bayanansa daga rumbun ajiya, ta harhaɗa shafi sabo fil dominsa, ta mayar da shi rubutun HTML, ta turo. Duk wannan yakan faru cikin ƙasa da daƙiƙa guda idan komai lafiya. Wayar ba ta ganin kod ɗin da ya yi aikin, sakamakon kawai take karɓa.

Ana iya gane fasahar da aka yi amfani da ita daga wutsiyar adireshin shafi. Idan ya ƙare da .php, da harshen PHP aka gina shi. Idan ya ƙare da .aspx, to shafi ne na ASP.NET Web Forms, fasahar da kamfanin Microsoft ya fitar a 2002. Duk wanda ya taɓa duba sunansa a jerin waɗanda makarantu suka tura wa hukumar NYSC ya ga wannan wutsiya ta .aspx a adireshin fotal ɗin hukumar. Fasahar ta haura shekara 20, amma har yau tana ɗauke da shafukan hukumomi da makarantu da kamfanoni masu yawa a faɗin duniya.

Darasi daga maɗaba'ar Gaskiya

Mazauna Tukur-Tukur suna da misali a ƙofar gidansu. A nan aka kafa kamfanin Gaskiya Corporation a 1945, wanda ya zama gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a watan Janairun 1939 tare da Abubakar Imam a matsayin edita. A ɗab'in wancan zamani, da haruffan dalma ake jera shafi, a ɗaure su cikin firam na ƙarfe, sannan a shafa tawada a danna a kan takarda. Babu maɗaba'ar da za ta tsaya tana sake jera sunan jarida harafi bayan harafi a kowace fitowa. Kan jaridar da sauran abubuwan da ba sa canzawa a ajiye suke a haɗe, ana ɗauko su a saka a gurbinsu, labaran ranar ne kawai ake jerawa sabo.

Wannan dabara ce maginan shafuka suka gada. Maimakon a rubuta kan shafi da jerin maɓallai da akwatin shiga a kowane ɗaya daga cikin shafuka 100, sai a gina kowannensu sau ɗaya a fayil nasa, a riƙa ɗauko shi duk inda ake buƙata. Irin wannan yanki na shafi da ake maimaita amfani da shi za a iya kiransa tubali. Idan makaranta ta canza lambar wayar ofishin rajista, a tubali ɗaya za a gyara, shafuka 100 su gyaru a lokaci guda.

A Web Forms, tubali fayil ne mai wutsiyar .ascx, wanda Microsoft ke kira User Control. Yana da nasa fasalin da nasa kod, amma ba ya buɗuwa shi kaɗai a burauza, sai an dasa shi cikin shafi.

Hanya biyu ta dasa tubali

Hanya ta farko ita ce magini ya rubuta sunan tubalin a jikin shafin tun ranar da yake gini. Duk lokacin da aka buɗe shafin, tubalin na nan. Wannan ya dace da kan shafi da ƙasansa.

Hanya ta biyu ita ce a bar gurbi babu komai, sai kod ya yanke shawarar tubalin da zai cike shi a daidai lokacin da aka buɗe shafin. Gurbin shi ake kira PlaceHolder, umarnin ɗauko tubalin kuma LoadControl. Ga yadda yake a harshen C#:

```
protected void Page_Init(object sender, EventArgs e)
{
    string fayil = "~/Tubala/Dalibi.ascx";
    if (User.IsInRole("Malami"))
        fayil = "~/Tubala/Malami.ascx";

    Control tubali = LoadControl(fayil);
    tubali.ID = "tubalinFom";
    gurbi.Controls.Add(tubali);
}
```

Ko wanda bai taɓa rubuta kod ba zai iya bin ma'anar. Layin farko ya ɗauka mai shigowa ɗalibi ne. Na gaba ya ce idan malami ne a canza fayil. Daga nan a ɗauko tubalin, a ba shi suna, a saka shi a gurbi. Adireshi ɗaya ne, shafi ɗaya ne, amma ɗalibi zai ga fom ɗin zaɓar kwasa-kwasai, malami kuma ya ga wurin shigar da maki.

Amfanin wannan ga mai waya a fili yake. Abin da ya shafe shi kaɗai ake turo masa, don haka shafin ya fi sauƙi, datar da zai ci ta fi kaɗan. Akwai kuma amfani ta fuskar tsaro. Magini mai sakaci yakan turo wa kowa dukkan ɓangarorin shafi, sannan ya ɓoye na malamai da CSS ko JavaScript. Abin da aka ɓoye ta wannan hanya ya riga ya iso wayar, kuma duk mai ɗan wayo zai iya tono shi. Tubalin da uwar garke ba ta ɗora ba kuwa, bai bar can ba balle a gan shi.

Uwar garke mai mantuwa ce

A nan ne matsalar gogewar fom take samo asali. Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da uwar garke ke magana da ita, ba ta riƙe tarihi. Da zarar uwar garke ta harhaɗa shafi ta turo, sai ta rushe abin da ta gina a ƙwaƙwalwarta ta juya ga mai buƙata na gaba. Idan mutumin ya sake danna wani abu bayan daƙiƙa biyar, a wurinta baƙo ne, sai ta sake gina shafin daga tushe.

A Web Forms, kusan duk wani motsi mai muhimmanci yana mayar da fom ɗin gaba ɗaya zuwa uwar garke. Wannan komawa ita ake kira PostBack. Ƙiftawar da ake gani bayan zaɓar jiha ita ce wannan tafiya da dawowa: fom ya tafi da kalmar Kaduna, uwar garke ta tsamo ƙananan hukumomin jihar daga cikin 774 na ƙasar, ta sake gina shafin da Zariya da Sabon Gari da Giwa da sauransu a jerin zaɓi, ta dawo da shi.

Sake ginin yana bin matakai a jere. Da farko akwai Init, inda ake tayar da dukkan sassan shafin. Sai a mayar wa kowane sashe halin da yake ciki a baya, a zuba masa abin da mutum ya rubuta. Sai matakin Load. Bayansa a aiwatar da umarnin maɓallin da aka danna. A ƙarshe a mayar da komai HTML a turo.

Sassan da aka rubuta a jikin shafi tun farko, tsarin da kansa yake tayar da su a kowace komawa. Tubalin da kod ya ɗora kuwa, tsarin bai san da zamansa ba. Idan kod bai sake ɗora shi ba, babu shi. Rubutun da ɗaliba ta yi a cikin akwatunansa zai iso uwar garke lafiya lau, amma babu akwatin da zai karɓe shi, sai a watsar. Maɓallin da ke cikinsa ma haka: saƙon an danna shi ya iso, amma maɓallin ba ya cikin shafin da aka sake ginawa, don haka umarninsa ba zai gudana ba. Wannan shi ne shafin da ke juyawa ya dawo shiru.

Kuskuren da ke jawo haka ƙarami ne ƙwarai. Ana koya wa sababbin magina su saka aikin da ake yi sau ɗaya a cikin sharaɗin `if (!IsPostBack)`, wato a yi shi a buɗewar farko kaɗai. Shawara ce mai kyau ga abubuwa irin cika jerin jihohi daga rumbun ajiya. Amma idan aka saka LoadControl a cikin wannan sharaɗi, tubalin zai fito a karon farko, ya ɓace a na biyu tare da duk abin da aka rubuta a ciki.

Ƙa'idojin kauce wa wannan guda uku ne:

1. A sake ɗora tubalin a kowace komawa, ba a karon farko kaɗai ba.
2. A ɗora shi da wuri, a matakin Init idan zai yiwu, ko a Load idan zaɓin tubalin ya dogara da abin da mutum ya zaɓa a shafin. Wanda aka ɗora bayan an wuce matakin maɓallai ya makara.
3. A ba shi suna iri ɗaya a kowane karo. Da wannan suna ake haɗa rubutun da ya dawo da akwatin da ya fito daga ciki. Idan aka bar tsarin ya raɗa suna da kansa, sunan na iya canzawa idan jerin sassan ya canza, rubutu ya ɓata ko ya faɗa akwatin da ba nasa ba.

Akwai ma saƙon kuskure da ke fara da "Failed to load viewstate", wanda kan fito idan tubalin da aka ɗora a komawa ya saɓa da wanda ke gurbin a baya. Mai waya da ya ci karo da shi ya sani ba wayarsa ba ce ta lalace.

Jakar da ke cin data a ɓoye

Tunda uwar garke ba ta tunawa, Web Forms ya ƙirƙiro dabarar ba wa burauza ajiya. A cikin kowane shafi akwai ɓoyayyen akwati mai suna __VIEWSTATE, inda ake cusa halin da sassan shafin suke ciki. Yana sauka tare da shafin, yana kuma komawa tare da fom a kowace dannawa. Wanda ke gaban kwamfutar kafe zai iya ganinsa idan ya danna Ctrl da U a kan shafin .aspx: dogon layi ne na haruffa da lambobi marasa ma'ana ga ido.

Kowane tubali da aka ɗora yana ƙara nasa kaya a wannan jaka. Tebur mai layuka da yawa ko jerin zaɓi mai tsawo na iya kumbura ta sosai, kuma tsarin Base64 da ake rubuta ta da shi yana ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku a kan girman asali. A ɗauki misalin shafin da jakarsa ta kai kilobait 200. Kowace komawa za ta ci 200 a hawa, 200 a sauka. Fom mai komawa goma ya ci kusan megabait 4 a kan jakar kaɗai, ban da hotuna da sauran kayan shafin. A ofis mai intanet na waya ba wanda zai lura. Ga ɗalibin da ke lallaɓa ɗan datarsa, musamman tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a watan Janairun 2025, wannan kuɗi ne. Ƙari a kan haka, tura bayanai daga waya ya fi saukar da su jinkiri a yawancin layuka, shi ya sa shafi kan buɗe da sauri amma ya maƙale bayan an danna maɓalli.

Maganin yana hannun magini. Tun ASP.NET 4 da ya fito a 2010 akwai saitin ViewStateMode, wanda ke ba da damar kashe jakar a shafi gaba ɗaya, a kunna ta ga tubalin da ke buƙatarta kawai. Tubalin da aikinsa nuna sanarwa ne ba ya buƙatar tuna komai.

Inda sakaci ke zama haɗari

Ba wa kod ikon zaɓar fayil yana buɗe ƙofar da sai an tsare ta. Wasu maginan, don neman sauƙi, sukan ɗauki sunan tubalin kai tsaye daga adireshi, misali `shafi.aspx?t=Dalibi`. Duk wanda ya lura da wannan zai iya goge Dalibi ya rubuta Malami ko Admin ya ga abin da zai fito. A PHP lamarin ya fi muni, domin umarnin include zai iya jawo wasu fayilolin uwar garke da ba a yi nufin kowa ya gani ba. Masana tsaro sun daɗe da sanin wannan rauni, kuma ƙungiyar OWASP ta yi bayaninsa a cikin jagororinta. Gyaran shi ne a ajiye jerin tubalan da aka yarda da su a cikin kod, duk sunan da ba ya ciki a ƙi shi, sannan kowane tubali mai muhimmanci ya sake tantance izinin mai kallonsa da kansa.

Haɗari na biyu yana tattare da wata dabara mai amfani. Ana iya umartar uwar garke ta ajiye kwafin tubali na ɗan lokaci, ta riƙa miƙa wa kowa ba tare da sake gina shi ba. Umarnin shi ne OutputCache, kuma yana rage nauyi sosai a ranar da dubban ɗalibai suka afka wa fotal a lokaci guda. Ya dace da sanarwar makaranta ko jadawalin jarrabawa. Idan aka ɗora shi a kan tubalin da ke nuna suna da lambar rajista da sakamako ba tare da bambanta masu shiga ba, to duk wanda ya shigo cikin wannan lokaci zai ga bayanan wanda ya fara shiga. Tun da aka sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, irin wannan kwarmato ya zama abin da hukumar NDPC ke iya tuhumar makaranta ko kamfani a kansa.

Na uku ya shafi jakar nan ta __VIEWSTATE. Uwar garke tana buga mata hatimi da wani makulli na sirri don kada a sauya abin da ke ciki a hanya. A watan Fabrairun 2025 Microsoft ya yi gargaɗi cewa ya gano makullai sama da 3,000 da ke yawo a fili a intanet, waɗanda magina ke kwafa daga misalai su saka a shafukansu. Wanda ya san makullin zai iya haɗa jakar bogi da za ta sa uwar garke ta gudanar da umarninsa. Kwafar kod daga intanet hanya ce ta koyo da kowa ke bi, amma makulli ba ya cikin abin da ake kwafa.

Sunaye sun canza, dabarar tana nan

Web Forms ya tsufa. Microsoft ya fitar da ASP.NET MVC a 2009, sannan ASP.NET Core a 2016, kuma bai ɗauki Web Forms zuwa sabon tsarin ba. Ya tsaya a kan .NET Framework, wanda sigarsa ta 4.8.1 ta fito a 2022. Wanda zai fara sabon aiki yau ba shi da dalilin zaɓarsa. Amma tunanin gina shafi da tubala, da barin kod ya zaɓi wanda zai ɗora, yana cikin kusan kowace fasahar da ta biyo baya.

A PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, umarnin include da require ne ke wannan aiki. WordPress, da ya fara a 2003 kuma yake ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar duniya bisa ƙididdigar W3Techs, yana da get_header da get_footer da get_template_part. Yawancin jaridun Hausa na intanet da ake karantawa a waya da irin wannan tsari suke harhaɗa kan shafi da labari da jerin labarai masu alaƙa. Laravel yana da tubalan Blade, har da na musamman mai suna x-dynamic-component don zaɓar tubali a lokacin buɗe shafi. ASP.NET Core yana da Partial Views da View Components, Blazor kuma ya samu DynamicComponent a .NET 6 a 2021. Hatta React, wanda ya yi suna wajen gina shafi a cikin burauza, ya sanar da React Server Components a ƙarshen 2020, wato ya mayar da wani ɓangare na aikin ga uwar garke.

Wannan komawa tana da ma'ana ga masu ƙananan wayoyi. Shafin da ake ginawa a burauza yana tilasta wa waya ta sauke JavaScript mai yawa ta kuma gudanar da shi, abin da ke wahalar da wayar da ƙwaƙwalwarta gigabait 2 ce, ya kuma zuƙe batir. Shafin da uwar garke ta gama haɗawa kuwa, nunawa kawai ya rage wa wayar.

Sababbin tsare-tsaren sun yar da jakar __VIEWSTATE da dogon jerin matakan Web Forms, amma mantuwar HTTP tana nan daram. Maginin Laravel da bai mayar da abin da aka rubuta cikin akwatuna ba bayan fom ya gamu da kuskure, zai goge wa mutane rubutu kamar yadda na Web Forms ke yi.

Abin da mai cike fom zai iya yi

Mai waya ba shi da ikon gyara kod ɗin fotal, amma sanin yadda yake aiki na taimakawa:

- A fara da zaɓuɓɓukan da ke sa shafi ƙiftawa, irin su jiha da ƙaramar hukuma da tsangaya da sashe, kafin a shiga dogon rubutu.
- Bayan kowane zaɓi a jira shafin ya gama dawowa. Abin da aka rubuta yana tsakiyar tafiya ba ya cikin abin da aka tura.
- A bar ɗora hoton fasfo da rubuta kalmar sirri zuwa ƙarshe. Waɗannan akwatuna biyu sukan koma fanko a kowace komawa, kuma da gangan aka yi su haka saboda tsaro.
- A guji maɓallin komawa baya na burauza da buɗe fom ɗaya a shafuka biyu, domin hakan na iya tura tsohuwar jaka ga sabon shafi.
- A rubuta dogayen bayanai a manhajar rubutu ta waya tukuna, a kwafo su. Zaman shiga a ASP.NET yakan ƙare bayan minti 20 na rashin motsi idan magini bai canza saitin ba, na PHP kuma kusan minti 24. Rubutu a cikin akwati ba motsi ba ne a wurin uwar garke, tunda ba ta ganinsa sai an tura.
- Idan fom ya goge a wuri ɗaya sau biyu ko uku a jere, a kan layuka daban-daban, a daina ƙona data. A ɗauki hoton fuskar wayar, a rubuta matakan da aka bi, a kai wa sashen ICT na makarantar. Rahoton da ya ce "bayan na zaɓi sashe, akwatunan adireshi sun goge" yana nuna wa magini inda zai duba kai tsaye.

Ga mai son gwadawa da hannunsa

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da ke fita SIWES, da masu koyo da kansu, suna iya tarar da tsohon tsarin .aspx a wurin aikinsu na farko, a ce su ƙara masa fom ko su gyara wanda ke ba da matsala. Wanda ya san matakan Init da Load da ƙa'idojin nan uku ya riga ya san inda zai fara dubawa. Gwada Web Forms yana buƙatar kwamfuta mai Windows da Visual Studio Community, wanda kyauta ne ga mai koyo.

Wanda waya kaɗai gare shi zai iya koyon ainihin dabarar da PHP. A saka manhajar Termux a wayar Android, a rubuta `pkg install php`. A ƙirƙiri fayiloli huɗu: kai.php da kasa.php da dalibi.php da malami.php, kowanne da ɗan rubutu a ciki. Sai a yi na biyar mai suna index.php:

```
<?php
$izini = ["dalibi" => "dalibi.php", "malami" => "malami.php"];
$zabi = $_GET["t"] ?? "dalibi";

include "kai.php";
include $izini[$zabi] ?? "dalibi.php";
include "kasa.php";
```

A rubuta `php -S localhost:8000`, a buɗe wannan adireshi a Chrome na wayar. Wayar ta zama uwar garke kuma mai buƙata a lokaci guda, ba tare da cin data ba. A ƙara `?t=malami` a ƙarshen adireshin a ga tsakiyar shafin ta canza, sama da ƙasa suna nan yadda suke. A gwada rubuta sunan da ba ya cikin jerin, za a ga an koma tubalin ɗalibi. A fotal na gaske, daga bayanan shigar mutum ake gane ko malami ne, ba daga adireshi ba, amma don gwaji wannan ya isa.

Mataki na gaba shi ne a saka ƙaramin fom mai akwati ɗaya a cikin dalibi.php, a rubuta suna, a tura. Shafin zai dawo da akwatin fanko. Sa sunan ya dawo cikin akwatinsa bayan an tura shi ne aikin gida, kuma wanda ya warware shi ya fahimci matsalar da ke cinye wa dubban ɗalibai data a kowane zangon rajista.